Na Tafi Ɗauko Balkisu, Na Dawo da Buta

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya halicci abin da ido ke gani da abin da ido bai isa ya gani ba. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Bayan haka, tun da na dawo daga makarantar kimiyya ta 'yan mata inda jikata Balkisu ke karatu, ban sake zama ƙofar masallaci na ja tasbaha cikin natsuwa ba. Wannan ya ce, "Malam, da gaske ne yaran can ba su barci?" Wancan ya ce, "An ce ko tuwo sai an auna musu a sikeli." Tafiyar da ba ta wuce daga Argungu zuwa bayan Birnin Kebbi ba, ana yi mini tambaya kamar wanda ya dawo daga bangon duniya. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na jawo tawada na rubuta, wanda ya sake tambaya a miƙa masa. Sunan makarantar kuwa na bar shi a cikina.

Balkisu ɗiyar ɗana Umaru ce. Tun tana firamare lissafi ke yi mata biyayya, har ta ci jarrabawar da gwamnati ke tace yara da ita, aka kai ta makarantar kwana ta masu hazaƙa. Zango na biyu bai yi nisa ba sai ta ari wayar wata malama ta kira uwarta tana kuka, wai a zo a ɗauke ta. Umaru ya ce a ɗauko ta, ga makarantar jeka-ka-dawo nan bayan kasuwa, mi ar ribar karatun da ɗiya ke kuka. Uwarta Hajara ta ce in ta fito ba a mayar da ita, gurbinta yara da yawa ke jiransa. Da suka gaji da ja-in-ja suka kawo mini maganar.

Umaru ya ce, "Baba, ranar ziyara ta matso. Ka tai ka gani da idonka. Abin da ka yanke, shi ke nan."

Na ce, "Da wane idon? Wanda yanar ido ta cinye rabinsa?"

Ya ce, "Rabin da ya rage ya ishe mu."

Matata Kulu ta kyafe babban kifi ragon ruwa, ta tsattsaga gefensa irin tsagar da ita kaɗai ke yi, ta naɗe shi a takardar siminti ta ɗaure da kaba. Ni kuma na cika butata da ruwan gulbi. Ruwan leda warin roba yake yi mini, na famfon birni kuma warin asibiti, don haka duk inda za ni da ruwana nake tafiya, in sha in yi alwala.

A tasha na gamu da Alhaji Ɗanjuma mai albasa, shi ma ɗiyarsa Zainabu tana can. Ya sha babbar riga mai aiki har gwiwa, a mota ya ci wurin mutum biyu, bakinsa kuma ya ci na sauran. Kafin mu fita gari duk fasinja sun san Zainabu likita za ta zama. Kafin mu yi nisa ta zama injiniya. Dab da Ambursa, inda shinkafa ta shimfiɗu a fadama, motar ta yi tari ta mutu. Direba ya buɗe gabanta ya zuƙi fetur da baki ya tofar, bai ga alama ba.

Alhaji ya leƙo ta taga ya ce, "Wallahi da Zainabu na nan, da kallo guda za ta gane ciwon motag ga."

Direba ya share baki ya ce, "To Alhaji, kahin ta iso, sauko ka tura muna."

Muka tura har Alhaji ya taka bakin rigarsa ya ci ƙasa, motar ba ta tashi ba. Daga nan muka hau baburan kabu-kabu, kifi a cinyata, buta a hannu, yaron yana gudu kamar an ce masa gidansu na gobara. Duk addu'ar tafiya da na sani na karanta, na koma na sake daga farko.

A unguwar Gesse ta Birnin Kebbi na kwana, gidan ɗan ƙanena Kabiru, ma'aikacin gwamnati. Gidajen unguwar kamar an zuba su daga kwano guda, ƙofa iri ɗaya, fenti iri ɗaya. Na yi sallama a gida biyu da ba nasa ba, kuma a dukansu babu wanda ya san wani Kabiru, alhali katanga ce ta raba su da shi. A wurinmu baƙo zaure ake sauke shi, maƙwabta su zo gaisuwa. Can babu zaure, kai tsaye aka shige da ni falo gaban talabijin, aka kawo mini taliya da ƙwai da cokali mai yatsu, na yi ta farauta a faranti. Yaran gidan ba su zo mun yi hira ba, wai suna ɗaki da malamin da aka ɗauko yana shirya su don jarrabawar masu hazaƙa. Ƙaramin ko haƙoransa na gaba ba su gama fitowa ba.

Kabiru ya ce, "Baba, duniyar yanzu gasa ce. Wanda bai yi gudu ba a taka shi."

Na ce, "Allah Shi sa a san inda aka dosa."

Da hantsi muka isa ƙofar makarantar, ni da Alhaji. A ƙuruciyata na ƙetara iyaka ta Kamba ba sau ɗaya ba, ban taɓa shan bincike irin na ƙofar nan ba. An jera tebura, mata masu fuskar aiki suna zazzage kayan iyaye. Aka ce in sa hannu a littafin baƙi, na rubuta sunana da ajami yadda na saba. Mai gadi ya duba ya ce, "Baba, suna muka ce, ba addu'a ba." Wata ta kwance ƙunshin Kulu, ƙamshi ya tashi, na ga maƙogwaronta ya motsa.

Ta ce, "Abincin waje haramun ne a nan."

Na ce, "Ɗiyata, haramun babbar kalma ce. Wa ya haramta kifi?"

Ta ce, "Doka ce, Baba. Don lafiyar yara." Ta tura shi ƙarƙashin tebur, can nesa da inda aka tara ƙuli-ƙuli da garin sauran mutane. Butar kuwa ta girgiza ta, ta ce ruwan alwala ba laifi.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana gaba. A filin taro an kafa rumfa, sahun gaba kujeru masu laushi da ruwan sanyi, na tsakiya kujerun roba, na baya bencuna a tsakar rana. Wani malami ya tsaya yana tambayar kowa sunan ɗiyarsa, sannan ya nuna masa wurin zama. Na ɗauka furfura za a duba, ko wanda ya riga zuwa. Ashe a makarantar nan uba da sakamakon jarrabawar ɗiyarsa yake zama. Malamin ya ce shugabar makaranta ce ta fito da tsarin, don iyaye su ji a jikinsu. Na kuwa ji a jikina, domin benci na ƙarshe aka kai ni. Alhaji Ɗanjuma, uban likita kuma uban injiniya, aka ajiye shi a bencin da ke gabana. Ya waiwayo ya dube ni da tausayi.

Ya ce, "Malam, sai haƙuri. Kowa da irin kan da Allah Ya ba zuri'a tai."

Tazarar benci guda ta ishe shi alfahari har la'asar.

Ina zaune rana na dukana ina tunani. A masallaci sahun gaba na wanda ya riga zuwa ne, ko da bai iya komai ba sai Fatiha. A zauren da na yi karatu, mai saurin hadda da mai nauyin kai tabarma guda suke zama, akushi guda suke ci, kowa malam ya biya masa daga inda ya tsaya. Nan kuwa an bi gari-gari an tsinto yarinyar da ta fi kowa a garinsu, an tara su wuri guda, sannan ana mamakin an sami ta ƙarshe. In ka tara na ɗaya ɗari, dole wani ya zama na ɗari. Wannan lissafin ko ni na iya shi, amma makarantar lissafi ba ta kai gare shi ba tukuna.

Babban baƙon taron ya makara, kamar yadda manyan baƙi suka saba. Aka sako yara su gana da iyaye kafin ya iso. Sai ga Balkisu, ta rame, hijabin ya yi mata yawa.

Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Tsoho, kai sunka aiko? Duk gidan an rasa mai ƙwari?"

Na ce, "Ke da kika kai ni bencin rana, har kina da bakin magana?"

Ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. Ta ce akwatinta a ɗaure yake tun jiya. Na ce ta fara zagayawa da ni in ga wurin, tunda gani aka aiko ni. Ta kai ni ɗakin cin abinci. Can ma tsarin guda ne: teburin masu maki yana bakin madafa, daga nan ludayi ke farawa, kafin ya kai teburin su Balkisu nama ya ƙare, miya ta koma ruwa.

Na ce, "To yunwa ce ta sa ki kuka?"

Ta ce, "Kaka, ni da nake azumin Litinin da Alhamis tare da kai?"

"To kunyar teburin baya?"

"Da zafi, amma ba shi ba ne."

Ta ja hannuna zuwa wani dogon ɗaki mai ƙaton kwaɗo a ƙofa, ta ce in leƙa ta taga. Ɗakin gwaje-gwaje ke nan. Ban ga komai ba sai duhu-duhu, ita ta gaya mini abin da ke ciki: wani kabad na gilashi, a cikinsa madubin likita, na'urar nan da ke girmama ƙanƙanin abu har ido ya gan shi. Ta ce sun zana shi a littafi sau ba adadi, sun haddace sunan kowane ƙarfe da ke jikinsa, an yi musu jarrabawa a kansa, amma ba ta taɓa ɗora ido a bakinsa ba. Makullin na jakar shugaba, wai kada yara su lalata. Ranar ziyara kaɗai ake fito da shi, kuma 'yan teburin gaba ke tsayawa kusa da shi.

Ta ce, "Don shi niz zaka makarantag ga. In zane ne, ko a Argungu ina iya zana shi, in ci tuwon Inna in kwanta."

A raina na riga na fara tunanin yadda za mu ɗora akwati a kabu-kabu.

Jiniya ta tashi, babban baƙo ya iso. Shugaba ta yi jawabi mai tsawo, rabi Turanci, ta ce ɗalibanta su ne za su kai jihar nan duniyar wata. Aka tafa. Daga nan aka ce manyan baƙi da iyayen sahun gaba su taso a nuna musu ɗakin gwaje-gwaje. Na ɗauki butata na bi su. Tsufa na da amfaninsa: babu mai son a gan shi yana tura mai furfura a gaban babban baƙo da masu ɗaukar hoto.

An share ɗakin, an fito da madubin an ɗora a tebur kusa da taga. 'Yan mata uku sun tsaya da fararen riguna waɗanda ko karin ninkinsu bai baje ba, suna zuba bayani kamar masu tilawa. An sa fatar albasa a ƙarƙashin madubin. Babban baƙo ya sunkuya ya leƙa, ya ce madalla, madalla. Ni da ke gefensa na lura idon da ya ɗora a kai shi ne wanda ya runtse.

Na ce, "Ranka ya daɗe, talaka na iya leƙawa?"

Ya dubi masu hoto, ya ce, "Haba Baba, ai don ku aka yi." Na sunkuya, ban ga komai ba sai farin gajimare, abin da nake gani kullum.

Na ɗago na ce, "Yana ta rufe mini ido. A gida jikata ce idona, ita ke zura mini zare a allura, ita ke duba mini lambar waya. Ga ta can bakin taga. A bari ta duba ta gaya mini." Kuma ban yi ƙarya ba ko a kalma guda, Allah Shi ne shaida.

Shugaba ta yi murmushin da bai wuce haƙora ba. Ta ce, "Baba, akwai tsari. Ga ɗalibai nan da aka zaɓa, za su yi maka bayani."

Na ce, "Hajiya, ido ba a aron na maƙwabci in kana da naka."

Babban baƙo ya yi dariya ya ce a kira ta mana. Balkisu ta shigo tana tafiya kamar mai taka ƙwai. Na ce albasa kuma mun gaji da ganinta a Argungu, in da hali a duba mini ruwan da nake sha. Wani matashin malami da ke raɓe a bango ya taso da sauri, irin saurin wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi. Ya ɗigo ruwan butata a ɗan gilashi, ya sa a ƙarƙashi, ya ja da baya. Yatsun Balkisu sun san inda za su, zanen nan bai tafi a banza ba. Ta juya ɗan madubin ƙasa ya kamo hasken taga, ta murɗa, ta sake murɗawa. Sai ta yi tsit.

Na ce, "Ke, kin yi barci ne?"

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kaka, suna motsi."

"Su wa?"

"Ga wani kamar tafin takalmi, duk jikinsa gashi, yana iyo. Ga wani kore yana mirginawa. La ilaha illallahu, ya ci karo da ɗan'uwansa! Kaka, gari guda ne cikin ruwan ga!"

Na ce subhanallahi, kuma daga zuciyata na faɗa. Shekaruna duka ina shan gulbin nan, ban san da jama'a nake haɗiyewa ba. Na dubi fuskar yarinyar da rabin idon da ya rage mini. Ta manta da shugaba, ta manta da babban baƙo, ta manta da ni. Rabona da ganin fuskar nan tun tana ƙarama, ranar da ta fara haɗa baƙi da wasali ta ga sun zama kalma.

Tagogi sun cika da kawunan yara, 'yan teburin baya da na tsakiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, magana babba irin wagga ba a karɓarta daga bakin mutum guda. A kira shaidu." Ya ce gaskiyar Baba, a shigo da su. Suka yi layi har waje. Zainabun Alhaji ta leƙa ta yi ƙara ta ce ita da ruwan gulbi har abada. 'Yan fararen riguna ma suka shiga layin, ashe su ma albasa kaɗai suka taɓa gani. Shugaba tana duban agogo kamar shi ya yi mata laifi.

Saboda na ba shi dariya, babban baƙo ya ce lallai in ci abinci a teburinsu. Aka buɗe babban faranti a tsakiya, sai ga ragon ruwa kwance cikin albasa da tumatir. Ko da idona ya fi haka lalacewa ba zan kasa gane tsagar Kulu ba.

Na ce, "Hajiya, ashe kifin ga yara kaɗai yake cutarwa?"

Ba ta ji ba, ko ta yi kamar ba ta ji ba. Na yi bisimilla na yanki tsakiyarsa, wurin da ya fi tsoka, na ɗora a faranti na aika teburin baya. Kayana ne, ban nemi izinin kowa ba.

Bayan la'asar Balkisu ta rako ni ƙofa, hannunta babu komai. Na ce, "Ina akwatin?"

Ta ce, "Sun mayar da madubin cikin gilashi, Kaka. Na ga lokacin da ta sa makulli a jaka."

"Na sani."

"Ba za a sake fito da shi ba sai wata ziyarar." Ta tona ƙasa da takalmi. "Idon naka zai warke kafin nan?"

Na ce, "Yana ba ta warkewa don kanta."

Ta ce, "To ka zo da ruwan rijiyar gidanmu, da na fadamar Baba, kowanne a kwalbarsa. Kuma kada ka sake shan na gulbi sai Inna Kulu ta tafasa."

Ban ce mata zauna ba, ban ce mata taho ba. Na sa mata albarka, ta juya da gudu don an buga ƙararrawa.

Da na iso gida Umaru ya leƙa bayana ya ce, "Baba, ina ɗiyata?" Na ce ta tsaya kallon ruwa. Hajara ta shige ɗaki tana share ido da gefen zane.

Masu tambaya ko makarantar na da kyau, ga amsata. Bencin rana yana nan, ludayi har yanzu daga gaba yake farawa, makulli yana jaka. Ban bar Balkisu can don makarantar ta cancance ta ba. Na bar ta ne don abin da take nema yana cikin ɗakin nan, kuma na gano yadda ake buɗe shi. Alhaji Ɗanjuma yana gaya wa mutane a kasuwa wai Zainabu ce ta gano ƙwayoyin, ban musa masa ba. Kulu tana tafasa mini ruwa tana mita, wai na tafi da kifi na dawo da doka. Ruwan ba ya da ɗanɗano ko kaɗan, ina sha ina gode wa Allah. Kabiru kuma ya aiko cewa ya samo likitan da zai kankare mini yanar. Na ce a gaishe shi, a gaya masa idon nan yana da sauran aiki a yadda yake.

Allah Ya nuna mana abin da ke cikin abin da muke haɗiyewa, Ya ba mu ikon tafasa shi. Amin.